Idan Aikin Nas Ya Sauya Salo: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya ka sami nas da ya shekara goma a bakin aiki ya ce maka abin da aka koya masa a makaranta shi yake yi har yau. Wani an ɗauke shi daga ɗakin yara an kai shi sashen gaggawa. Wata an ba ta shugabancin waɗanda jiya-jiya tare suke kwana a kan marasa lafiya. Wani kuma an karɓe biro da fayil daga hannunsa an ajiye masa kwamfuta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin ma'aikatan jinya idan suka tsinci kansu a irin wannan hali. Na amsa wa kowa yadda ya yi tambayarsa, mace ko namiji, amma amsar ta shafi kowa.

Da gaske aikin jinya ne ya canja, ko dai mu ne muka cika ƙorafi?

Ya canja, kuma ba yau ya fara ba. Lokacin da Florence Nightingale ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, abin da ake nema daga nas shi ne tsafta, ciyar da mara lafiya, lura da shi dare da rana, da cika umarnin likita. An yi zamanin da ko awon hawan jini aikin likita ne. A 1965 wata nas mai suna Loretta Ford da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe kwas a Jami'ar Kolorado ta Amurka don horar da nas-nas da za su riƙa duba yara da kansu. A Birtaniya, tun daga 2006 nas da ta yi horo na musamman tana iya rubuta kusan duk maganin da ya shafi fanninta. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan miƙa wasu ayyukan likitoci ga nas-nas, saboda masu cutar ƙanjamau sun fi ƙarfin likitocin da ake da su, kuma a 2010 Afirka ta Kudu ta ba nas-nas damar ɗora mara lafiya a kan maganin cutar da kansu.

Dalilan a fili suke. Mutane suna yin tsawon rai fiye da da. Cututtukan da ake zama da su shekara da shekaru, irin su ciwon suga da hawan jini, sun yawaita. Asibitoci suna sallamar mutum da wuri, don haka waɗanda suka rage a kan gado su ne masu jin jiki sosai. Ga kuma ƙarancin hannu: rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ya ce nas-nas miliyan 27.9 ne a duniya, kuma akwai giɓin miliyan 5.9. Duk aikin da ya rasa mai yi, a kan nas yake faɗowa, domin ita ce ba ta barin gefen gado.

Na fito makaranta da sakamako mai kyau, amma wata uku ke nan da fara aiki, ji nake kamar ban san komai ba. Ni kaɗai ce?

Ba ke kaɗai ba ce. Tun a 1974 wata malamar jinya a Amurka, Marlene Kramer, ta yi rubutu a kan gigicewar da sababbin nas-nas ke yi idan suka yi karo da zahirin aiki. Da farko akwai ɗoki: sababbin kayan aiki, albashin farko, ana kiranki nas. Sai ɗokin ya wuce, ki tuna cewa a makaranta mara lafiya ɗaya ko biyu kike bi a tsanake, malama na tsaye a bayanki. Yanzu ga gadaje rututu, waya na ƙara, dangin wani na jiran bayani, ƙarin ruwan wani ya ƙare, kuma sa hannunki ne a takarda. Watannin farko su ne mafi zafi, galibi sai shekara ta zagayo mutum yake jin ƙafarsa ta tsaya.

Karatunki yana nan. Abin da ba ki samu ba tukuna shi ne sanin wanne za a fara yi, wanne zai jira. Da kin karɓi aiki, kafin ki taɓa komai, ki zagaya ki ga kowane mara lafiya da idonki, ki tambayi kanki: wa jikinsa zai iya rikicewa kafin in miƙa aiki? Da shi za ki fara. Maganin da ba ki saba da shi ba, ki duba littafi ko da ana kallonki. Matambayi ba ya ɓata, kuma babbar sistar da ta san aikinta ta fi jin tsoron sabuwar nas da ba ta tambayar komai.

Shekarata goma sha biyu a ɗakin manya, an mayar da ni ɗakin jarirai. Yaran da na girma nesa ba kusa ba su ke nuna mini aiki. Me ya same ni?

Wannan ita ce tambayar da na fi so mu tsaya a kanta, domin ita ce ake ɓoyewa. Sabuwar nas kowa ya yarda ta rikice. Tsohuwar hannu kuwa kunya ke hana ta faɗa, sai ta riƙa cin kanta a ɓoye.

A 1984 wata malamar jinya, Patricia Benner, ta bayyana matakai biyar da nas ke bi: ɗan koyo, wanda ya fara gane hanya, wanda ya iya, wanda ya goge, sai gwani. Ta ce mutum yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku a wuri iri ɗaya kafin ya kai mataki na uku. Abin da ya fi muhimmanci a bayaninta shi ne gwaninta a ɗaure take da wurin da aka same ta. Idan aka kai gwani fannin da bai taɓa aiki a ciki ba, yakan koma baya, wani lokaci har matakin farko.

Ki duba yadda abin yake. A ɗakin manya, kina shiga ki kalli wanda aka yi wa tiyata jiya, ki ga ya ɗashe, yana gumi, ba ya iya zama wuri ɗaya, sai gabanki ya faɗi tun kafin awo ya nuna jini na zuba a ciki. Ba a littafi kika sami wannan idon ba, dubban marasa lafiya ne suka ba ki shi. A ɗakin jarirai idon bai riga ya buɗe ba. Bugun zuciya 140 a minti ɗaya, wanda zai sa ki kira likita da gudu idan babba ne a kwance, lafiya lau ne ga sabon jariri. Numfashi 50 a minti ma haka. Magani kuma da nauyin jiki ake lissafa shi, kuskuren ɗigo ɗaya a lissafi zai iya ninka shi sau goma. Hannunki ya saba da sauri, yanzu dole ki tsaya ki yi tunani a kan kowane abu, shi ya sa kike komawa gida a gajiye fiye da da, alhali kina ganin aikin da kika yi bai kai na da ba.

Akwai kuma abin da kika rasa wanda ba a rubuta shi a takardar canjin wurin aiki ba. A can ke ake nema idan jijiya ta ɓuya. Ke likitoci ke tambaya, “Sista, ya kika gani?” A nan ba wanda ya san wannan tarihin. Rashi ne na gaske, kuma ba laifi ba ne ki ji zafinsa. Na ga nas-nas da suka ɗauka sabon fannin ne suka tsana, alhali kewar matsayinsu na da ce ke damunsu, kuma da suka gane haka sai abin ya yi sauƙi.

Abin yi: tun ranar farko ki faɗa da bakinki, “Na daɗe a aiki, amma a nan baƙuwa ce ni, ku nuna mini.” Wannan magana ɗaya tana sauke miki nauyin nuna kin iya, tana kuma buɗe bakin ƙananan da ke jin nauyin gyara miki. Ki nemi a haɗa ki da mutum ɗaya tsayayye na wasu makonni, kada a riƙa yawo da ke daga hannu zuwa hannu. Ki fara da sanin inda kayan farfaɗo da mara lafiya suke, da alamomin haɗari na wannan fanni, da magungunan da aka fi bayarwa kullum. Sannan ki tuna abin da ya biyo ki: iya tsara aiki, iya kwantar da hankalin uwar da ta firgita, sanin lokacin da za a tsaya kai da fata sai likita ya zo. Waɗannan ba su san bambancin ɗaki ba, kuma su ne za su sa ki hau matakan da sauri fiye da karon farko.

An ba ni shugabancin ɗaki, kuma waɗanda zan shugabanta abokaina ne. Ta ina zan fara?

Ka fara da jadawalin aiki, domin a nan ake fara gwada sabon shugaba: wa ya sami hutun ƙarshen mako, wa aka jera wa kwanan dare. Ka fito da ƙa'idar da kake bi a fili, ka yi aiki da ita a kan amininka kafin kowa. Idan za ka yi gyara, ka ja mutum gefe. Zumuncin zai canja kamanni, akwai hirar da za a daina yi idan ka shigo, kuma hakan ba ƙiyayya ba ce.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sabon shugaba ya ci gaba da ɗaukar marasa lafiya kamar da, don kada a ce ya yi girman kai, sai aikin ofis ya taru ya bi shi gida. Ka taimaka idan an matsu, amma aikinka yanzu shi ne ka ga hannu ya isa, kaya sun isa, ƙananan ma'aikata suna da wanda za su jingina da shi. Sau da yawa ana ɗauko wanda ya fi iya jinya a ba shi shugabanci ba tare da an koya masa sasanta rigima ko rubuta rahoto ba, a ganina wannan rashin adalci ne gare shi da waɗanda ke ƙarƙashinsa. Ka nemi horo, ka kuma sami wani tsohon shugaban ɗaki da za ka riƙa kai wa abin da ya shige maka duhu.

Ana sa ni ayyukan da na san a da na likita ne. In yi ko in ƙi?

Kafin ka yi, ka sami amsar tambayoyi huɗu. Dokar ƙasarka da hukumar da ta ba ka lasisi sun yarda nas ya yi wannan aikin? Asibitinka ya rubuta cewa an ba ka shi? An horar da kai, wani da ya iya ya tsaya ya ga ka yi daidai? Akwai wanda za ka kira idan abu ya kwaɓe? Idan huɗun duk “e” ne, to faɗaɗa aiki ne, kuma abin maraba ne. Shirin maganin ƙanjamau da na ambata a sama da horo aka fara shi, da rubutattun ƙa'idoji, da hanyar tura mara lafiya gaba idan lamarinsa ya yi sarƙaƙiya.

Idan ɗaya ta zama “a'a”, to kaya aka ɗora maka ba gammo. Ranar da aka sami matsala, ba za a tambayi wanda ya ce ka yi ba, sa hannunka za a duba da lasisinka. Ƙi kuma ba sai da faɗa ba: “Likita, wannan ba a horar da ni a kai ba. Zan haɗa kayan in tsaya tare da kai.” Ka sanar da shugabanka, idan abin na maimaituwa ka sa shi a rubuce, ka haɗa da buƙatar a tura ka horo. Lokacin ceton rai daban ne. A nan ka yi iya abin da ka iya, ka kira taimako, bayan ƙura ta lafa ka rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru.

Yanzu mataimaka ne ke wanka da gyaran gado da awon zafin jiki, ni ina kan takardu. Ji nake an raba ni da marasa lafiya.

Damuwarki tana da tushe. Wajen wanka ne ake ganin jan tabo a ƙugu kafin ya zama gyambon kwanciya, wajen ba da abinci ne ake gane wanda haɗiya ta fara yi wa wuya. Idan wani ke yin waɗannan, to shi ne idonki, kuma alhakin yanke shawara yana nan a wuyanki. Kada ki tsaya a kan “ki auna mini su”. Ki ce, “Idan zafin jikin na gado na huɗu ya kai 38, ko kika ga numfashinsa ya canja, ki kira ni nan take.” Kuma kowace rana ki zaɓi mara lafiyar da ya fi damun ranki, ki yi masa wankan tare da mataimakiyar.

Na iya jinya, amma kwamfuta ta sa ina jin kamar lokacina ya wuce.

Lokacinka bai wuce ba. Duk inda aka koma rubuta bayanan marasa lafiya a kwamfuta, aiki yakan yi nawa a makonnin farko, har ga matasan. Ka nemi a ba ka lokacin gwaji a wajen sa'o'in jinya, ka koyi abin da kake yi kullum kafin sauran, ka kuma san yadda ake komawa takarda ranar da na'ura ta tsaya. Idan kwamfuta ta nuna komai lafiya amma idonka ya ce maka mara lafiya ba daidai yake ba, ka sake aunawa da hannunka.

Idan annoba ko wani bala'i ya zo aka kwashe mu zuwa inda ba mu sani ba fa?

Duniya ta ga wannan bayan 11 ga Maris 2020, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. An kwashi nas-nas daga ɗakunan tiyata da asibitocin sha-ka-tafi aka tsayar da su gaban na'urar taimaka wa numfashi da horon 'yan kwanaki. Tsarin da asibitoci da yawa suka bi shi ne aiki a ƙungiya: ƙwararriyar nas ɗaya ta ɗakin kulawa ta musamman tana jagorantar baƙi, ita ke kula da na'ura, su suna juya mara lafiya, suna tsafta, suna ba da magungunan da suka sani. Idan kika sami kanki a haka, ki faɗi abin da kika iya da abin da ba ki iya ba tun kafin a raba gadaje, ki san sunan wanda za ki kira, kuma kada ki shiga ba kayan kariya.

Ta yaya zan bambanta gajiyar yau da kullum da wadda ta zama matsala?

Gajiyar jiki barci da hutun kwana biyu suna maganinta. Akwai wata, gajiyar rai, wadda ake tashi da ita daga barci. Christina Maslach, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta fitar da ma'auninta a 1981, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa. Alamominta uku ne: ƙarfi ya ƙare ƙaf, zuciya ta bushe har mara lafiya ya koma lambar gado a idonki, sannan ki riƙa ganin duk abin da kike yi ba shi da amfani. Ta biyun ce ta fi tsorata nas-nas, domin sukan ɗauka sun zama mugaye. Ba mugunta ba ce, zuciya ce ke kare kanta bayan an daɗe ana ɗibarta.

Akwai kuma ciwon rai da wani masanin falsafa, Andrew Jameton, ya bayyana a 1984: ki san abin da ya dace a yi wa mara lafiya, amma rashin kaya, ko rashin hannu, ko umarnin na sama ya hana ki. Shi wannan ciwon, hutu ba ya warkar da shi, sai an sami inda za a faɗe shi a kuma saurara.

Idan barci ya ƙaurace miki makonni, ko kin fara dogara da ƙwaya don ki yi barci ko ki tashi, ko kina yawan kuskuren da ba halinki ba ne, ki ga likita. Idan tunanin cutar da kanki ya fara zuwa, ki gaya wa wani yau, kada ki jira gobe.

Kullum ce mana ake mu yi haƙuri, mu ƙara juriya. Shi ke nan maganin?

Haƙuri yana da wurinsa, kuma ban san sana'ar da ta fi jinya buƙatarsa ba. Amma raina yana ɓaci idan aka mai da shi amsar komai. A 2002 wata masaniyar aikin jinya, Linda Aiken, da abokan aikinta suka buga binciken da suka yi a asibitoci 168 na jihar Fensilbaniya ta Amurka. Sun gano cewa duk ƙarin mara lafiya ɗaya a kan nas yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin ɗari na yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30, da ƙarin kashi 23 cikin ɗari na yiwuwar gajiyar rai ga nas ɗin. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 1999, ta fara aiki a 2004, wadda ta ƙayyade yawan marasa lafiyar da nas ɗaya za ta riƙe, a ɗakin kulawa ta musamman ba za su wuce biyu ba.

Nas tana da nata rabon: ta koya, ta tambaya, ta huta idan ta sami hutu. Asibiti ma yana da nasa: ya sanar da canji tun kafin ya zo, ya ji ta bakin waɗanda zai shafa, ya ba da horo kafin a fara, ya rage wa baƙon ɗaki kaya a makonnin farko, ya kuma sa sabon nauyi ya bayyana a takardar aiki da albashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan ɗakinku na fama, ku riƙa rubuta ranakun da hannu ya gaza da abin da ya jawo, ku kai shi gaba tare, ta hanyar shugabanni ko ƙungiyarku.

Zan tafi aiki wata ƙasa. Me zan sa rai?

Rahoton nan na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce nas ɗaya cikin takwas yana aiki a ƙasar da ba a nan aka haife shi ko ya yi karatu ba, don haka hanya ce da aka taka sosai. Ka sa rai da jarrabawar lasisi, da sababbin sunayen magunguna, da wata irin hanyar magana da likita da mara lafiya. Mai yiwuwa ka fara daga ƙaramin matsayi duk da shekarunka, wannan ya fi jarrabawar ciwo. Ka karanta takardar yarjejeniyar aiki da kyau, musamman abin da za a ce ka biya idan ka bar aikin kafin wa'adi.

Yaushe zan yarda cewa wannan sabon matsayin ba nawa ba ne?

Kada ki yanke hukunci a watanni ukun farko, sai dai idan lafiyarki ko ta marasa lafiya na cikin haɗari, domin a lokacin komai ɗaci yake yi. Bayan wata shida ki duba: abin da ya gagare ki a makon farko, ya fara sauƙi? Akwai ranakun da kike fita kina jin kin yi wa wani amfani? Idan akwai, rashin sabo ne, zai wuce. Idan kuwa aikin ya zauna a hannunki amma ranki bai kwanta da shi ba, kamar wadda ta karɓi shugabanci ta gane gefen gado take so, to ki je ki sami shugabanki ki nemi komawa ko canjin fanni. Jinya tana da faɗi, akwai koyarwa, da lafiyar al'umma, da kula da masu cutar da ba ta warkewa, da hana yaɗuwar cututtuka a asibiti. Ki nemi a bar ki ki yi kwana ɗaya ko biyu kina bin wadda ke aiki a fannin da kike hange kafin ki rubuta takarda, kuma duk inda kika nufa, kada ki bari lasisinki ya mutu.